Fosdok a lissafin bakan haske: wa ake ɗauka, kuma ta wace ƙofa?

Lawali (Tawa): Assalamu alaikum malamai da ƴan uwa. Tambaya gare ni a madadin matasanmu da suka kare tez a kimiyyar sinadarai ko fizik, a Jami'ar Abdou Moumouni ko a waje, suna neman fosdok, wato aikin bincike bayan digirin dokta, a ɓangaren lissafi: tsarin elektaron, bakan IR da Raman da UV, da abin da molekil ke yi bayan haske ya buge ta. Talla tana fitowa kullum a shafukan intanet na EURAXESS da Psi-k, yara suna ta aika dosiye, amsa ba ta zuwa. Ina gizo ke saƙar? Rashin babbar kwamfuta ne, ko sunan jami'a?

Dokta Rabi (Yamai): Wa alaikumus salam, Malam Lawali. Kwamfuta ce ta ƙarshe cikin dalilan. A duba abin da ke cikin yawancin dosiyen: maƙala uku ko huɗu, duk ƙira ɗaya. An ɗauki molekil, an daidaita siffarta da hanyar lissafi ta B3LYP/6-31G(d), an zana HOMO da LUMO, wato obital mafi sama mai elektaron da mafi ƙasa marar elektaron, an kawo teburin tazarar da ke tsakaninsu, shi ke nan. Mai labo a Jamus ko Italiya ya san ɗalibin masta zai gama wannan cikin mako guda. Shi yana neman wanda ya san inda lissafi ke ƙarya da dalilin ƙaryar.

Ga ruwa, H₂O, atam uku kacal. Kaɗawarsa ta armonik, wato ta lissafi mafi sauƙi, tana wajen 3832, 1649 da 3943 cm⁻¹. Abin da na'ura ke gani a labo kuwa 3657, 1595 da 3756 ne. Tazarar ta kusa kai 190 cm⁻¹ a ta ƙarshe, kuma ko da lissafin elektaron ɗinka ba shi da aibi ko kaɗan, tazarar nan tana nan, don an ɗauki ramin makamashi a matsayin farabola alhali ba haka yake ba. Yaron da aka tambaya wannan a hira ya ce "baz ɗin ne ya yi ƙanƙanta", wato tarin fonksiyon da ake gina obital da su, to ya fitar da kansa.

Issa: Dokta, ai don haka aka yi lambar gyara. A ninka sakamakon armonik da 0.9614 a B3LYP/6-31G(d), kamar yadda Scott da Radom suka fitar a 1996, sai lambobi su matso. Dubban maƙaloli a kan haka suke, ba wanda ya ce haram ne.

Dokta Rabi (Yamai): Ba haram ba ne, Malam Issa, in manufa a gane wane layi ne na C=O a bakan wani magani. Amma lamba ɗaya tana matsar da layuka ne kawai, ba ta haifar da sabo. Ɗauki CO₂. Lissafin armonik zai ba ka layin Raman guda ɗaya na miƙewar bai-ɗaya. Na'ura tana nuna biyu, 1285 da 1388 cm⁻¹, saboda ninki biyu na lanƙwasawa, 667 sau biyu wato 1334, ya faɗo daf da miƙewar, suka cakuɗe suka ture juna. Rezonans ɗin Fermi ke nan. Ninka da duk lambar da kake so, layi na biyun ba zai fito ba. Labon da ke biyan fosdok irin wannan matsala yake fama da ita.

Farfesa Abdu: Rabi ta faɗi gaskiya, bari in ƙara yadda ake fita daga wannan rami da abin da ke hannu. Matakin da ke bayan armonik shi ne VPT2, gyaran da ke lura da cewa ramin ba farabola ba ne, ana samunsa a shirye-shiryen CFOUR da Gaussian. Aikinsa: a matsar da atam gaba da baya a kan kowace hanyar kaɗawa, a sake lissafin Hessian, wato teburin lanƙwasar makamashi, a kowane wuri. Molekil mai atam N tana da hanyoyi 3N−6, don haka benzin mai atam 12 yana da 30, Hessian 61 ke nan in ba a ci moriyar simetiri ba. Da DFT, dangin hanyoyin da B3LYP ke ciki, kwamfutar tebur mai RAM 16 GB za ta ɗauka, sai dai haƙuri.

Inda yara ke faɗuwa wuri uku ne. Na farko, siffar ba ta daidaitu sosai ba. Ma'aunin tsayawa na yau da kullum ya ishi armonik, amma VPT2 tana buƙatar mafi tsauri da kuma gurid mafi laushi, in ba haka ba ƙurar lissafi ta shiga cikin ma'aunan mataki na uku da na huɗu, ka ga gyaran da ya wuce hankali. Na biyu, rezonans: in matakai biyu suka kusanci juna, abin rabawa ya kusa sifiri, lamba ta tashi sama. Dole a ciro waɗannan matakai a warware su daban, wato abin da ake kira GVPT2. Na uku, motsi mai faɗi. Juyawar metil ko kifewar amoniya ba ƙaramar kaɗawa ba ce a gindin rami guda. Amoniya rami biyu gare ta, kuma rabuwar matakinta na ƙasa wajen 0.79 cm⁻¹ ce. VPT2 ba ta ganin wannan sam, sai an koma lissafin da ake kira variational a kan cikakkiyar shimfiɗar makamashi. Wanda ya yi wannan a kan molekil ƙanana biyu ko uku, ya kwatanta da labo, ya bayyana inda ya kauce, ya fi mai maƙala goma na HOMO da LUMO.

Lawali (Tawa): Farfesa, ran ka ya daɗe, to CCSD(T), hanyar lissafin elektaron mai daidaito sosai, fa? Kowace talla sai ta ambace shi, kuma nan Tawa in kuran ya ɗauke aiki ya mutu.

Mahamadu: Bari in amsa wannan, Malam. CCSD(T) tsadarsa tana hawa da girman molekil ninki bakwai na ƙarfi: ka ninka girma biyu, lokaci ya ninku 128. Don haka ba a yinsa a kan molekil mai atam 40 a gida, kuma ba wanda ke tsammanin haka daga gare ka. A kan atam 3 zuwa 6 da cc-pVTZ, laftof mai kyau yana yi. Ga manya akwai DLPNO-CCSD(T), sigarsa mai sauƙin tsada, a shirin ORCA, wanda kyauta ne ga masu binciken jami'a, sai dai a yi rajista. PySCF da Psi4 ma kyauta ne. Amma a sani DLPNO ya fi dacewa da makamashin riyakshan. Ga bakan da ake son daidaito zuwa 1 cm⁻¹ ba shi ne zaɓin farko ba. Mutane suna mantawa cewa "daidaiton sinadarai", 1 kcal/mol, kusan 350 cm⁻¹ ne. Ga mai bakan haske wannan kuskure ne mai girman gaske.

Maganar kuran: a ORCA, %maxcore, wato iyakar RAM a MB, na kowane kor na furosesa ne, ba na duka ba. RAM 16 GB da kor 4, a sa 3000, ba 16000 ba, don shirin yakan zarce abin da aka ba shi. Yawancin aikin da ke mutuwa tsakar dare ana ɗora wa kuran laifi, alhali RAM ce ta cika. In da gaske kuran ne, daidaita siffa ba ta ɓacewa: a ɗauki siffar ƙarshe daga fayil ɗin xyz, a karanto obital daga fayil ɗin gbw, a ci gaba. Aiki da kor da yawa kuma sai OpenMPI ɗin ya zama wanda aka gina shirin da shi, kuma a kira orca da cikakkiyar hanyarsa. Onduler ƙarami ya isa a kashe na'ura lafiya. Zafin Afrilu da ƙurar hunturu su ne ke cinye laftof, a riƙa busa fanka.

Hadiza: Kuma a koyi aiki a kan kilasta, wato tarin kwamfutoci na cibiyar lissafi, tun kafin a samu. ssh, tmux, rubuta fayil ɗin Slurm, git, da Python da NumPy. Ana iya girka Slurm, shirin da ke jera ayyuka a kilasta, a laftof don gwaji. Wanda ya zo labo bai taɓa ganin umarnin sbatch na Slurm ba, wata guda zai tafi a banza, kuma masu labo sun san haka, shi ya sa suke tambaya. Ajiye kod a GitHub, ko da ƙaramin shiri ne da ke warware lissafin Schrödinger a kan ramin Morse ta hanyar DVR ya fitar da matakan kaɗawar HCl. Layi hamsin ne, amma yana nuna mutum ya san abin da ke cikin akwatin.

Issa: Duk na ji. Amma ku faɗi gaskiya, kuɗin yanzu ba a IR yake ba. Tun da aka ba Agostini da Krausz da L'Huillier kyautar Nobel ta 2023 kan hasken atosakan, kuma European XFEL, babban injin lasar X-ray, yana aiki kusa da Hambug tun 2017, tallar matakan da haske ya ɗaga ta fi yawa.

Dokta Rabi (Yamai): Tana da yawa kam, amma ƙofar ta fi ƙunci. TDDFT, wato DFT ta matakan da haske ya ɗaga, kowa yana taɓawa, kaɗan ne suka san iyakarta. Kuskuren 0.2 zuwa 0.3 eV abu ne na yau da kullum. Shuɗin baba yana shan haske wajen 600 nm, wato 2.07 eV, ƙara 0.3 eV ka koma 523 nm, launi ya sauya ke nan gaba ɗaya. In elektaron yana ƙaura daga wani gefen molekil zuwa wani mai nisa, B3LYP yana kawo makamashin ƙasa ƙwarai, har ya ƙirƙiro matakan bogi. Sai an koma CAM-B3LYP ko ωB97X-D. Matakan Rydberg ba sa fitowa daidai sai da baz mai faɗi irin aug-cc-pVTZ. Mafi muni, a mahaɗar da matakin ƙasa da na farko suke haɗuwa, TDDFT ta yau da kullum tana ba da siffar mahaɗar ba daidai ba, kuma nan ne molekil ke komawa ƙasa ba tare da fitar da haske ba. Can sai CASSCF da CASPT2, a OpenMolcas misali.

Zaɓen filin aiki a CASSCF, wato elektaron da obital ɗin da za a ba muhimmanci a lissafi, shi ne sana'ar. Benzin elektaron 6 cikin obital 6, wannan kowa ya haddace. Molekil mai oksijin ko azot sai an shigar da obital na elektaron marasa haɗi, kuma in siffa ta motsa obital ya kan fice daga filin wani ya shigo, makamashi ya yi tsalle. A tsarin tsallake-tsallake na Tully na 1990, wanda SHARC na Biyana da Newton-X suke amfani da shi, ana tafiya da taku wajen 0.5 fs, hanyoyi ɗari ko fiye. Alamar matsala ita ce jimlar makamashi ta daina tsayawa wuri guda. Wannan kam yana son kilasta. Amma filin aiki da shimfiɗar makamashi na ƙaramar molekil kamar etilen ana iya koyonsu a gida.

Farfesa Abdu: Kada a raina ɓangaren sararin samaniya kuma. An harba na'urar James Webb a Disambar 2021, a 2022 ta ga CO₂ da SO₂ a iskar duniyar WASP-39b mai kewaya wani tauraro. Ba a gane su sai da jerin layuka, irin na HITRAN da na ExoMol da Jonathan Tennyson da Sergei Yurchenko suke jagoranta a Landan. A zafin digiri 1000 ko fiye layukan molekil guda suna kai biliyoyi, ba labon da zai auna su, sai lissafi. Haka masu rediyo: benzonitril da aka gano a gajimaren TMC-1 a 2018 ta bakan juyawa aka gane shi. A nan kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗauki ma'aunin juyawa na gindin rami, Be, a kwatanta da na labo, B0, ba a yi gyaran kaɗawa ba. Kuskuren kashi 1 cikin ɗari a 100 GHz ya zama 1 GHz, alhali labo yana auna layi zuwa gomman kHz. Wanda ya iya shirye-shiryen daidaita layukan baka irin PGOPHER ko SPFIT da SPCAT, ya san bayanan CDMS na Kolon, masu gwaji suna sonsa, don yana jin yarensu.

Lawali (Tawa): Madalla. Yanzu ƙofofin kuɗi fa? Yara sun san tallar labo kawai.

Hadiza: Ƙofa biyu ce, Malam. Ta farko mai labo yana da kuɗin furoje, ya yi talla, ya zaɓa. Yana son wanda zai fara aiki gobe da hanyar da aka ambata. Ta biyu kai ne za ka zo da naka furojen, kai da mai masauki ku nemi burs tare. Ga namu yaran ta biyu ta fi buɗewa, don mai labo ba ya asarar kuɗinsa.

Burs ɗin Marie Skłodowska-Curie na Tarayyar Turai: kowace ƙasa kake za ka iya neman na cikin Turai, wata 12 zuwa 24. Sharuɗɗa: an kare tez kafin ranar rufewa, ba a wuce shekara 8 ana bincike bayan dokta ba, kuma ba a zauna ƙasar masaukin fiye da wata 12 cikin wata 36 na baya ba. Wannan na ƙarshen yana kama waɗanda suka yi tez a Faransa suna son komawa labo ɗaya. Ana rufewa a Satumba, sakamako wajen Fabrairu. Babban ɓangaren shafi 10 ne, maki kuma kashi 50 ingancin bincike, 30 tasiri, 20 tsarin aiwatarwa. Masu lissafi sukan cika shafi takwas da ka'ida su bar tasiri da jadawalin aiki a sakin layi biyu, rabin maki ke nan aka yi wa riƙon sakainar kashi. A rubuta awannin kwamfuta nawa ake buƙata, daga wace cibiya, da abin da za a yi in hanyar farko ta ƙi.

A Jamus akwai Georg Forster na gidauniyar Humboldt, don masu bincike daga ƙasashe masu tasowa, Nijar tana ciki. Fosdok wata 6 zuwa 24, ga wanda bai wuce shekara 4 da dokta ba. Sai an samu mai masauki, kuma sai an nuna amfanin aikin ga ci gaban ƙasar mutum.

Issa: To nan ne lissafi zalla ya faɗi. Wane ci gaba ne a layin SO₂ na wata duniya?

Mahamadu: Ba dole sai wata duniya ba, yaya Issa. Yuraniyom na Arlit fa? Iyon ɗin yuranil, O=U=O, a cikin ruwa yana ba da layin Raman wajen 870 cm⁻¹, kuma layin yana sauka in kabonat ko wani abu ya kama shi, don haka da shi ake gane siffar da yuraniyom ya ɗauka a ruwan ƙasa. Lissafinsa ba wasa ba ne: atam ɗin yuraniyom yana da elektaron 92, dole a saka gyaran relatibiti ta ZORA ko X2C, ko ECP mai ƙaramar cibiya ta elektaron 60. In ka lissafa yuranil tsirara za ka samu sama da 1000 cm⁻¹. Sai ka jera masa ruwa biyar a kugu, ka ƙara samfurin ruwan kewaye, sannan ya matso. Ga kuma ƙura: a 2006 an kafa tashar auna iska ta ARM a Yamai lokacin shirin AMMA na binciken damina, tashar Banizumbu tana auna ƙura, cibiyoyin yanayi na AGRHYMET da ACMAD duk a Yamai suke. Yadda ƙurar ma'adinai da tururin ruwa suke shan IR tambaya ce ta bakan haske. Rini na gida, baba da lalle da karan dafi, ana iya yi musu aikin gaske a kan matakan sama maimakon teburin HOMO.

Farfesa Abdu: Da sharaɗi ɗaya, Mahamadu. Kada a liƙa kalmar ci gaba a shafin ƙarshe kawai, alƙalai masana ne, suna ganewa. Kuma mai zaɓen yuraniyom ya shirya wa binciken tsaro. A Faransa wasu labo suna cikin yankin da ake kira ZRR, izinin shiga yana iya ɗaukar wata biyu, ana kuma iya hanawa. A Ingila masu bincike a fizik da sinadarai daga ƙasashe irin tamu suna buƙatar takardar ATAS kafin biza.

Kada kuma a ɗauka Turai ce kaɗai. TWAS, akademiyar kimiyya ta ƙasashe masu tasowa, tana da fosdok tsakanin ƙasashen kudu, Indiya da Barazil misali. Cibiyar fizik ta ICTP da Abdus Salam ya kafa a Tiriyesta ta Italiya a 1964 tana da tsarin abokan cibiya, inda malami yana riƙe da aikinsa a gida yana zuwa ziyara, kuma tana da reshe a Kigali. Makarantar ASESMA ta tsarin elektaron, da aka fara a Afirka ta Kudu a 2010, ta zagaya Akara da Adis Ababa da Kigali. Mako biyu a can yana haɗa yaro da wanda zai rubuta masa takardar shaida, wanda alƙalai suka san sunansa.

Lawali (Tawa): Yaya ake tunkarar mai masaukin? Nan ne wasiƙu ke mutuwa.

Dokta Rabi (Yamai): Suna mutuwa don wasiƙa ɗaya ake rabawa mutum hamsin, da doguwar gaisuwa da tarihin rayuwa. Gaisuwarmu a bar ta gida. Layi goma sun isa, da Ingilishi sai in labon na masu Faransanci ne. A ambaci maƙalarsa guda, a ce an sake lissafin wani adadi a cikinta da ORCA ko PySCF, ga abin da aka samu, ga inda ya bambanta. A kawo tambaya ɗaya da za a iya amsawa cikin shekara biyu, a faɗi burs ɗin da ake nufi da ranar rufewarsa. A haɗa CV shafi biyu, hoto ɗaya na sakamako, da adireshin GitHub. Don Satumba, a rubuta a Afrilu ko Mayu, saboda jami'o'i da yawa suna tace ƴan takara tun kafin lokacin zafin Turai, kuma Agusta Turawa suna hutu. In mako biyu ya wuce shiru, a tuna masa sau ɗaya, sannan a wuce ga wani.

A cire maƙalolin mujallun da ke karɓar kuɗi su buga cikin kwana uku. Guda ɗaya a Journal of Chemical Physics ko PCCP ko Journal of Molecular Spectroscopy ta fi su duka, kuma ganinsu a CV yana rage daraja. In maƙala tana hannun alƙalai, a ɗora ta a arXiv ko ChemRxiv don a iya karantawa.

Issa: Wanda ya riga ya shiga koyarwa a jami'a fa? Shekara biyu a waje ba za ta jinkirta masa CAMES, hukumar da ke tantance ƙarin girman malaman jami'a, ba?

Farfesa Abdu: Maƙalolin da zai fitar su ne abin da dosiyen CAMES ke ci, don haka ta wannan gefen riba ce. Abin lura shi ne takardar izinin tafiya daga jami'a, a same ta a rubuce kafin a sa hannu a kwangila, kuma a riƙa sa sunan jami'ar gida tare da na masauki a kan maƙala in an amince. A roƙi mai masauki tun farko ya bar asusun kilasta a buɗe bayan dawowa; ssh ba ya cin intanet mai yawa, fayil ɗin shigarwa ƴan kilobait ne, sai dai a bar manyan fayiloli can a jawo sakamako kawai.

Hadiza: Saura biza. Mai bincike yana shiga Turai da yarjejeniyar masauki da jami'ar can take bayarwa, ba da bizar ɗalibi ba. An rufe ofishin jakadancin Faransa a Yamai a Janairun 2024, don haka a tambayi ofishin baƙi na jami'ar masauki inda za a ajiye dosiye tun ranar da aka samu amsa, kuma a sa kuɗin tafiyar cikin lissafi. Difuloma da takardar haihuwa a kai wa tafinta mai rantsuwa da wuri. In difulomar dokta ba ta fito ba, a karɓi takardar shaidar kare tez mai ɗauke da kwanan wata, don daga wannan rana ake ƙirga shekara 4 ko 8 ɗin. Malam Lawali, ka ce wa yaran su duba ranar ƙarewar fasfo yau, kafin su rubuta wa kowa.